HUTUN RAI: NAZARI A KAN MATIYU 11:28-30

Wuraren karatu: Matiyu 11:28-30, 1 Sama'ila 1:1-18, Filibiyawa 4:4-9

GABATARWA

Muna yi wa Allah godiya da ya kawo mu ƙarshen wata shekarar karatu da rai da lafiya.

A irin wannan lokaci babu maganar da ake yi a ɗakunan kwana sai ta hutu. An gama jarrabawa, an ɗaure akwati da katifa, kowa ya ƙagara ya ga ya shiga mota. Malamai ma suna jira su ajiye jan biro. Wannan ba laifi ba ne. Allah da kansa ya kafa hutu tun farkon halitta, ya kuma sa shi cikin Dokoki Goma.

Amma akwai abin da ake kira hutun jaki da kaya a ka. Jaki ya tsaya, ba ya tafiya, amma mangala tana nan a bayansa. Haka waɗansunmu za su tafi gida. Jiki zai kwanta har rana ta take, zuciya kuwa ba za ta kwanta ba. Wani zai tafi da fargaban sakamakon jarrabawa. Wata za ta koma gidan da uba da uwa ba sa ga maciji da juna. Wani bai san ko za a sami kuɗin da zai dawo da shi zango mai zuwa ba. 'Yan aji na ƙarshe kuwa suna fita ƙofar makaranta da tambaya guda: daga nan sai ina?

Saboda haka bari mu buɗe Littafi Mai Tsarki tare, mu ga inda ake samun hutun da yake kaiwa har cikin rai, da kuma yadda addu'a take kai mu wurin.

1. KAYAN DA SUKE HANA RAI HUTAWA

A Matiyu 11:28 Yesu ya aika kira ga mutane iri ɗaya: waɗanda suka gaji, kaya ya yi musu nauyi. Kafin mutum ya amsa wannan kira, sai ya san irin kayan da yake ɗauke da shi. Ga guda huɗu da na fi gani a tsakaninmu.

Na farko, zunubin da aka ɓoye. A Zabura 32 Dauda ya ba da labarin halin da ya shiga sa'ad da ya yi shiru da laifinsa. Jikinsa ya lalace, ya wuni yana nishi, ƙarfinsa ya ƙafe kamar rafi da bazara. Ɗalibin da ya buɗe akwatin wani, ko ya shiga ɗakin jarrabawa da 'yar takarda a aljihu, ya san wannan hali. Ko da ba wanda ya gan shi, duk ranar da aka kira sunansa a taron safe sai gabansa ya faɗi. Manzo Bulus ya koya mana a Romawa 5:1 cewa tushen kowace salama shi ne mutum ya shirya da Allah ta wurin bangaskiya ga Almasihu. Wanda bai shirya da Allah ba yana neman inuwa ne a gindin itacen da ba ganye.

Na biyu, damuwa a kan gobe. A Matiyu 6:25-34 Yesu ya nuna wa almajiransa tsuntsaye da furannin jeji, ya tuna musu cewa damuwa ba ta taɓa ƙara wa kowa tsawon rai ba. Kada mu gauraya shiri da damuwa. Shiri yakan sa ka buɗe littafi ka karanta. Damuwa takan sa ka riƙe littafin awa biyu ba ka juya shafi ɗaya ba.

Na uku, riƙo a zuci. Akwai ɗalibin da har yanzu yake tuna abin da wani babba ya yi masa tun yana aji ɗaya. Akwai malamin da ba ya gaisawa da abokin aikinsa, akwai kuma 'yan'uwa a majami'a da suke zama benci ɗaya amma ba sa haɗa ido. Abin mamaki shi ne, sau da yawa wanda ka riƙe yana can yana sharar barcinsa, kai ne kake juye-juye a gado. Shi ya sa Afisawa 4:26 ta gargaɗe mu kada fushi ya kwana tare da mu.

Na huɗu, neman isa a idon mutane. A nan bari mu tuna da Agustin, ɗaya daga cikin manyan malaman ikkilisiya, wanda shi ma ɗan Afirka ne. An haife shi a shekara ta 354 a garin Tagaste, cikin ƙasar da ake kira Aljeriya a yau. Yaro ne mai kaifin ƙwaƙwalwa. Ya yi karatu a Kartej, ya koyar a Roma, kuma a shekara ta 384 aka ba shi kujerar malamin iya magana a birnin Milan, inda fadar sarkin Roma take a lokacin. Ya sami abin da kowane ɗalibi yake mafarki, duk da haka ransa bai natsu ba. Mahaifiyarsa Monika ta yi shekaru tana yi masa addu'a da hawaye, har ya ba da gaskiya, aka yi masa baftisma a shekara ta 387. A littafin da ya rubuta daga baya na furta zunubansa, ya bayyana dalilin rashin natsuwarsa: tun da Allah ne ya halicci mutum domin kansa, zuciya ba ta da masauki sai a wurin Mahaliccinta. Ka zo na ɗaya a aji, wannan abu ne mai kyau. Amma takardar sakamako ba ta iya kwantar da rai.

2. ABIN DA YESU YA YI ALKAWARI

Yanzu mu duba nassinmu da kyau. Abu na farko da za mu lura shi ne, Yesu bai aika masu gajiya wani wuri ba, bai kuma ba su jerin ayyukan da za su cika ba. Wurinsa ya kira su. Hutun yana hannunsa, kyauta ne, shi ne mai bayarwa.

Abu na biyu ya fi ba da mamaki. A aya ta 29, bayan ya yi alkawarin hutu, sai ya yi maganar karkiya. Kalmar da aka rubuta da Helenanci, harshen da aka fara rubuta Sabon Alkawari da shi, tana nufin itacen nan da ake ɗora wa shanu biyu a wuya domin su ja garma. Mai gajiya zai so ya ji an ambaci tabarma da matashin kai. Me ya kawo karkiya cikin zancen hutu?

Masu sauraronsa sun gane. Malaman Yahudawa sukan kwatanta kiyaye Shari'a da ɗaukar karkiya, kuma a Matiyu 23:4 Yesu ya zargi malaman Attaura da Farisiyawa da ɗaura wa jama'a kaya masu nauyi ba tare da su sa ko ɗan yatsa su taimaka ba. Ashe kowa yana da karkiya a wuya. Wani tasa ta dokokin mutane ce, wani ta tsoro, wani ta son abin duniya. Abin tambaya shi ne: karkiyar wa kake ɗauke da ita, kuma da wa kake ja?

Waɗanda suka tashi a gidan da ake noma da garmar shanu sun san yadda ake horar da sabon bijimi. Ba a haɗa sababbi biyu. Akan haɗa sabon da tsohon sa wanda ya saba aiki, ya san muryar mai shi, ya san inda ake juyawa a ƙarshen kunya. Da farko sabon yakan yi ta fizge-fizge, ya ja gefe, ya yi turjiya, karkiya ta goge masa wuya. Ran da ya koyi daidaita takunsa da na babban, sai aikin ya yi sauƙi, domin babban ne yake ɗauke da yawancin nauyin. Gonar ba ta ragu ba, rana ba ta rage zafi ba, amma wahalar ta ragu.

Markus 6:3 ta nuna mana cewa mutanen Nazarat sun san Yesu da sana'ar sassaƙa. Jastin Mai Shahada, wani marubucin Kirista na ƙarni na 2, ya rubuta cewa garma da karkiya suna cikin abubuwan da Yesu ya sassaƙa. Masassaƙin kirki ya san idan karkiya ba ta zauna daidai ba za ta ji wa dabba rauni. Wanda ya halicce mu ya san gwargwadon wuyan kowannenmu.

To, ga zuciyar wannan darasi. Hutun da Yesu yake bayarwa hutu ne a tsakiyar aiki, a tsakiyar matsala, domin ka daina ja kai kaɗai. Kalmar Ibraniyanci ta salama, wato shalom, tushensu ɗaya da kalmar Larabci da muka samo “salama” daga gare ta. Tana nufin zaman mutum daidai da Allah, da maƙwabcinsa, da kansa. A Yahaya 14:27 Yesu ya bambanta salamarsa da wadda duniya take bayarwa. Ta duniya sai abubuwa sun yi kyau take zuwa, da sun ɓaci kuma ta tafi. Yesu kuwa ya yi wannan magana ne a daren da za a kama shi.

3. MUTUM UKU DA SUKA SAMI HUTU KAFIN MATSALA TA WUCE

Hannatu (1 Sama'ila 1). Ba ta da ɗa, ga kishiyarta Feninna tana tsokanarta kowace shekara idan sun tafi sujada a Shilo, har ta kasa cin abinci. Mijinta Elkana yana ƙaunarta, amma lallashinsa bai kai inda ciwon yake ba. Sai ta tashi ta tafi gaban Ubangiji, ta zuba abin da yake zuciyarta. Leɓunanta suna motsi, ba a jin muryarta, har Eli firist ya zaci ta bugu. Ku lura da aya ta 18. Bayan addu'ar ta koma ta ci abinci, fuskarta ta sake. Labarin zuciya a tambayi fuska. A wannan rana ba ta da ciki, Feninna kuma tana nan da bakinta. Babu abin da ya canza a gida. Abin da ya canza shi ne, kayan ya tashi daga kan Hannatu ya koma hannun Allah.

Bitrus (Ayyukan Manzanni 12). Sarki Hirudus ya riga ya kashe Yakubu ɗan'uwan Yahaya da takobi. Ya kama Bitrus, ya sa soja 16 su yi gadinsa, huɗu-huɗu bi da bi. A daren da za a wayi gari a fito da shi, ga shi ɗaure da sarƙa biyu tsakanin soja biyu, yana barci. Barcin ya yi nauyi har sai da mala'ika ya buge shi a kwiɓi kafin ya farka. Wannan Bitrus ɗin ne dai wanda yake cikin almajiran da suka firgita a Tekun Galili, sa'ad da hadiri ya taso, Yesu yana barci a kan matashi a bayan jirgi (Markus 4:35-41). A jirgi Yesu ne yake barci, Bitrus yana kururuwa. A kurkuku Bitrus ne yake barci. Sabon bijimi ya koyi takun babban.

Iliya (1 Sarakuna 19). Ya tsaya shi kaɗai gaban annabawan Ba'al 450 a Dutsen Karmel, ya ga wuta ta sauko daga sama. Amma da Yezebel ta aiko masa da barazana, sai ya gudu daga Yezreyel har Biyersheba, tafiyar kusan kilomita 150, ya ƙara wuni guda cikin jeji, ya zauna a gindin wani itace ya roƙi mutuwa. Me Allah ya fara yi masa? Bai yi masa faɗa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko mala'ika da waina da butar ruwa, har sau biyu. Sai daga baya, a Dutsen Horeb, ya yi masa magana da murya marar ƙarfi, ya gaya masa akwai sauran mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, ya kuma ba shi Elisha abokin aiki. Yezebel tana nan a kan mulki, amma Iliya ya koma bakin aikinsa.

Daga Iliya mu koyi cewa Allah ya san mu jiki ne da rai. Ɗalibin da yake kwana karatu da ƙafafu cikin bokitin ruwa, yana tsallake abinci, kada ya yi mamaki idan zuciyarsa ta cika da tsoro. Wani lokaci matakin farko na ruhaniya shi ne ka ci tuwonka ka kwanta.

4. YADDA AKE SAUKE KAYA CIKIN ADDU'A

Bari in ba ku labarin kaina. Shekarar da nake aji na ƙarshe a makarantar kwana, mahaifina ya kwanta ciwo. An sayar da hatsin gida da awaki domin magani, kuɗin rajistar jarrabawata kuwa ba a biya ba. Ni ne babba, ƙannena biyar. Da an kashe fitila sai in sulale in tafi bayan majami'ar makaranta, in durƙusa, wai ina addu'a. Na yi haka kusan mako biyu, kullum ina komowa da nauyin da ya fi wanda na tafi da shi.

Wani dare maigadinmu, wani tsoho dattijon ikkilisiya, ya haske ni da tocila. Na ce, “Sannunku da aiki, Baba.” Ya ce, “Yawwa ɗana. Kwana nawa ke nan ina ganinka a nan. Me kake yi?” Na ce addu'a nake yi. Ya zauna a kan dakali, ya ce in gaya masa abin da nake faɗa wa Allah. Da na fara, sai ya ɗaga hannu. Ya ce, “Ɗana, wannan ai lissafi ne. Ka durƙusa, ka rufe ido, amma da kanka kake magana. Idan Baba ya mutu yaya za a yi, idan ba a biya ba yaya za a yi. Yaushe ka ce wa Allah, ga shi, karɓi?” Sai ya sa na ambaci abubuwan ɗaya bayan ɗaya. Kowanne na faɗa, sai ya ce, “To, ba shi.” Bayan haka ya ce in faɗi abu uku da Allah ya yi mini a wannan mako. Da ƙyar na samo su, amma na samo. Ya yi mini addu'a gajeriya, ya ce, “Tafi ka kwanta. Mai gadin Isra'ila ba ya barci, ni ma ga ni a farke. Mu biyu mun isa.” A daren nan na yi barci har ƙararrawar safe.

Daga baya na gane abin da tsohon nan ya koya mini yana cikin Filibiyawa 4:6-7. Bulus ya rubuta wasiƙar yana ɗaure, zuwa ga ikkilisiyar garin da aka taɓa yi musu bulala shi da Sila aka jefa su kurkuku, inda suka yi ta addu'a da waƙa da tsakar dare (Ayyukan Manzanni 16). Ba daga kan kujerar taushi yake ba da shawara ba. Ga matakai da za mu iya bi:

(a) Ka keɓe lokaci da wuri. Yesu yakan tashi tun da sauran duhu ya tafi inda ba kowa (Markus 1:35). Daniyel yakan durƙusa sau 3 a rana. A ɗakin kwana mai cike da mutane, minti 15 kafin ƙararrawar tashi sun isa a fara.

(b) Ka kira kayan da sunansa. Kada ka tsaya ga cewa, “Ya Allah ka taimake ni.” Ka ce lissafi ne, ka ce kuɗin makaranta ne, ka ce shan giyar mahaifinka ne. In zunubi ne ka furta shi, gama 1 Yahaya 1:9 ta tabbatar mana akwai gafara. In wani ka riƙe, ka ambaci sunansa a gaban Allah ka sake shi. Rubutawa a bayan littafi yakan taimaka.

(c) Ka haɗa da godiya. Bulus bai raba roƙo da godiya ba. Godiya tana tuna maka cewa wanda kake kai wa kayan ya taɓa ɗaukar maka waɗansu.

(d) Ka karanta Maganar Allah, ka yi shiru kaɗan. Addu'a zance ne tsakanin biyu. Zabura 4, 23, 46, 62 da 121 wuraren farawa ne masu kyau ga mai rashin barci. A aya ta 8 Bulus ya ce mu kula da abin da muke cika tunaninmu da shi. Wanda zai kwana da wayar hannu a lokacin hutu, yana kallon faɗa da labaran tashin hankali har ƙarfe 2 na dare, ya buɗe wa damuwa ƙofa da hannunsa.

(e) Ka bar kayan a wurin, ka tashi ka yi naka. Wanda yake cikin karkiya ba ya kwanciya a gona. Ka yi karatunka, ka mayar da abin da ka ɗauka, ka je ka nemi gafara. In damuwar ta dawo da rana, ka tuna mata cewa ka riga ka ba da ita.

(f) Ka nemi ɗan'uwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Galatiyawa 6:2 ta umarce mu mu taya juna ɗaukar nauyi. Ka je wurin fasto, ko malamin da ka amince da shi, ko uwar ɗakin kwana. Idan kuwa baƙin ciki ya wuce mako biyu, ba ci, ba barci, ko tunanin hallaka kai ya fara zuwa, to, a gaya wa babba nan da nan, a kuma ga likita. Akwai ciwon damuwa da yake bukatar magani kamar yadda zazzaɓi yake bukata. Zuwa asibiti ba rashin bangaskiya ba ne. Luka da ya rubuta Bishara ai likita ne.

Alkawarin da yake biye shi ne, salamar Allah za ta yi gadin zuciya da tunani. Kalmar da Bulus ya zaɓa ta soja ce, irin ta masu tsaron ƙofar birni. Abokan gaba suna iya kasancewa a waje, amma akwai mai tsaro a bakin ƙofa.

5. IDAN AMSA BA TA ZO YADDA MUKA ROƘA BA FA?

Dole in ƙarasa muku labarina. Kuɗin jarrabawa ya samu, ta hannun zumuntar mata ta ƙauyenmu. Amma mahaifina bai tashi ba. Ya rasu da damina, ina tsakiyar rubuta jarrabawa. Na yi kuka ƙwarai. Duk da haka akwai bambanci tsakanin wannan kuka da firgitar da take kai ni bayan majami'a. Na yi baƙin ciki, amma ban ji an yashe ni ba.

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye mana wannan ba. A sura ɗaya aka kuɓutar da Bitrus, aka kuma kashe Yakubu. Bulus ya roƙa sau 3 a cire masa ƙayar da take jikinsa, aka ba shi alheri a maimakon haka (2 Korantiyawa 12:7-10). Ubangijinmu kansa a Getsamani ya roƙa sau 3 a ɗauke masa ƙoƙon wahala, yana miƙa kansa ga nufin Uba. Ba a ɗauke ba. Amma wanda ya shiga lambun ransa yana shan azaba, shi ne ya tashi ya taryi masu kama shi a natse.

Haka yake cikin tarihin ikkilisiya. Horatio Spafford lauya ne a birnin Chicago na Amurka. Gobarar da ta ci birnin a shekara ta 1871 ta lashe dukiyarsa mai yawa. A watan Nuwamba na 1873 jirgin ruwan da ya ɗauki matarsa da 'ya'yansa mata 4 zuwa Turai ya yi karo da wani jirgi a Tekun Atlantika ya nutse. Matar ta tsira, 'ya'yan duka suka mutu. Bayan wannan ne ya rubuta waƙar da take shaida cewa ransa yana cikin salama, wadda har yau ake rerawa a majami'u a ƙasashe da yawa.

Ba sai mun je nesa ba. A watan Afrilu na 2014 aka sace 'yan mata 276 daga makarantar sakandare ta Chibok, da yawansu 'ya'yan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ne. A watan Oktoba na shekarar aka mamaye hedkwatar ekklesiyar a Kwarhi kusa da Mubi, dubban masu bi suka watse. Duk da haka ekklesiyar ba ta bar koyarwarta ta zaman lafiya da ƙin ramuwa ba, masu bi kuma suka ci gaba da taruwa domin sujada a inda gudu ya kai su. Wataƙila akwai mai karanta wannan shafi da ya taɓa kwana a daji saboda irin wannan masifa. Ba zan ce maka ciwon ba kome ba ne. Abin da zan ce shi ne, wanda ya kira ka cikin karkiyarsa yana da tabon ƙusa a hannu. Ya san nauyi.

KAMMALAWA

Ya ɗan'uwana, 'yar'uwata, kafin ka ɗaure akwatinka ka duba kayan da ba a sa shi cikin akwati. In ba ka taɓa ba da ranka ga Yesu Almasihu ba, nan ne mafari, gama ba a samun salamar Allah sai an shirya da Allah. In kuwa kai mai bi ne amma kana ta fizge-fizge kamar sabon bijimi, ka dawo ka daidaita takunka da nasa. Ku 'yan aji na ƙarshe, ba za ku ƙara jin ƙararrawar da take kiranku addu'ar safe ba. Daga yanzu ku ne za ku kaɗa wa kanku ita. Iyaye da malamai, mu buɗe ido kamar tsohon maigadin nan. Akwai yaro a bayan majami'a da yake jiran wanda zai tambaye shi.

Tambayoyi domin nazari

1. Cikin kaya huɗun da aka ambata, wanne ne ya fi yi maka nauyi a wannan shekara?
2. Mene ne bambancin shiri da damuwa? Ba da misali daga zamanka na makaranta.
3. Me ya canza ga Hannatu tsakanin aya ta 10 da ta 18?
4. Akwai wanda ya kamata ka gafarta masa, ko ka nemi gafararsa, kafin ka tafi hutu?

Addu'a

Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin Ɗanka Yesu wanda ya kira masu gajiya. Ga kayanmu, mun kawo. Ka gafarta mana zunubanmu, ka koya mana sakin waɗanda muka riƙe, ka karɓi gobenmu a hannunka. Ka kai ɗalibanmu gida lafiya, ka ba su barci mai daɗi, ka bi da masu fita cikin hanyarka. Bari salamarka ta yi gadin zukatanmu. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu muka roƙa. Amin.